Da Wane Mudu Za A Auna Farfesan Fim?

Ranar wata Asabar da hantsi ɗan yayata ya shigo mini da kundinsa na kammala digiri, an yi masa bango mai tauri, an rubuta sunansa da ruwan zinare. Shekara huɗu ya yi yana karatun aikin jarida a wata jami'a ta nan Arewa, kuma tun yana ajin farko ba shi da zance sai na fim. Na karɓa da hannu biyu, na sa masa albarka, na buɗe. Binciken a kan tasirin finafinan Hausa ne ga tarbiyyar matasan wata unguwa. Ya raba takardun tambayoyi, ya tattara amsoshi, ya zuba su a jadawali, ya fitar da kashi kaza cikin ɗari. Aikin ya yi tsaf.

Na ce masa, "Madalla, Allah ya sa albarka. To a shekara huɗun nan, fitowa nawa ka rubuta da hannunka?"

Ya ce, "Kawu, wace irin fitowa?"

Na ce, "Ta fim. Mutum biyu a zaure, ɗaya yana son wani abu, ɗayan ya hana shi."

Ya sunkuyar da kai yana murza gefen kundin da ɗan yatsa. Can ya ce an koya musu ma'anar rubutun fim da rabe-rabensa, sun zauna jarrabawa a kai, har ma ya ci da maki mai kyau. Malamin da ya ɗauke su darasin mutumin kirki ne, mai yawan karatu, ba ya fashin aji. Amma shi da bakinsa ya gaya musu bai taɓa rubuta labarin fim ba, bai kuma taɓa tsayawa a wurin ɗauka daga safe zuwa dare ba.

Na shafe shekaru ina rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, saboda haka abin ya tsaya mini a rai. Ban ga laifin yaron ba, kuma da na zauna na yi tunani ban ga laifin malamin ba. Malamin jami'a yana da iyali, yana da tsanin da yake son hawa, kuma ya san abin da ake ƙirgawa a kowane mataki. A mafi yawan jami'o'inmu ba ka zama babban malami sai da digirin digirgir. Daga nan zuwa kujerar farfesa kuwa sai a tattara abin da ka wallafa a aika wa manyan malamai na wasu jami'o'in su auna, kuma nauyin awon yana kan maƙaloli a mujallun ilimi da littattafan nazari. Akwai sassan wasan kwaikwayo da na zane da suke ba da maki ga aikin fasaha, wannan gaskiya ne, sai dai duk malamin da ka tambaya zai gaya maka hanyar da ta fi tabbas. Fim ɗaya yana iya cinye maka shekara uku da duk abin da ka tara. A cikin shekara ukun nan abokin aikinka ya fitar da maƙala shida ya wuce ka. Mai hankali zai zaɓi maƙala, sai a wayi gari mai koyar da rubutun fim ya hau har ƙololuwa bai taɓa jin yadda kalmar da ya rubuta take fita daga bakin jarumi ba.

Ra'ayina shi ne wannan mudun bai dace da wannan hatsin ba. Malamin da aka ɗauka ya koyar da rubutu da shirya fim, a auna shi da labaran da ya rubuta, da finafinan da ya shirya, da abin da ɗalibansa suka iya bayan sun bar hannunsa. Akwai mutumin da rayuwarsa ta koyarwa ta fi kowace hujja tawa ƙarfi, shi ne Haile Gerima, Bahabashen da ya shafe sama da shekara 40 yana koyar da fim a Jami'ar Howard da ke birnin Washinton.

An haifi Gerima a garin Gondar na ƙasar Habasha a 1946. Mahaifinsa marubucin wasan kwaikwayo ne mai yawo da tawagarsa gari-gari, don haka yaron ya tashi yana ganin yadda ake gina labari a gaban jama'a. A 1967 ya tafi Amurka, ya fara karatun wasan kwaikwayo a makarantar Goodman da ke Shikago, daga baya ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA. A can ya haɗu da wasu matasa baƙar fata irin su Charles Burnett da Larry Clark, waɗanda suka ƙi yarda su kwaikwayi Hollywood duk da tana maƙwabtaka da su. Masu nazari suka riƙa kiran ayarin nasu 'yan tawayen Los Angeles. Ya kammala digirin farko a 1972, ya kuma karɓi digiri na biyu na ƙwarewar fasaha, wanda suke kira MFA, a 1976. A Amurka wannan takardar ita ce ƙarshen tsani ga mai aikin fasaha, ba a cewa sai ya ƙaro digirin digirgir kafin a ba shi aji ko a ɗaga shi.

Abin da ya miƙa wa malamansa a matsayin shaidar karatu finafinai ne. A 1974, daidai lokacin da mulkin Sarki Haile Selassie yake tangal-tangal, ya koma gida da ƙaramar kyamara ya ɗauki fim a cikin harshen Amharik, baƙi da fari, manoman ƙauye ne jarumansa. Labarin wani gidan talaka ne da ke noma gonar mai ƙasa, ana kiransa Harvest: 3000 Years a Turance. Ɗayan kuma, Bush Mama, labarin wata mata ce baƙar fata a unguwar Watts ta Los Angeles mai fama da talauci da jami'an gwamnati. Akwai wani abu da ya faru a wurin ɗaukar wannan fim da ba na mantawa. 'Yan sanda sun hango baƙaƙen fata riƙe da kayan aiki masu tsada a bakin titi, suka tsayar da su suna caje su kamar ɓarayi. Kyamara tana ta juyawa. Gerima ya ɗauki wannan hoton na gaske ya buɗe fim ɗin da shi. Ka yi tunanin ɗalibin da zai zauna gaban malami irin wannan ya tambaye shi yadda ake buɗe labari, da irin amsar da zai samu.

Tun a tsakiyar shekarun 1970 ya fara koyarwa a Howard. Jami'a ce da aka kafa a 1867 domin ilimantar da baƙaƙen fata bayan an soke bauta, kuma Nnamdi Azikiwe na cikin waɗanda suka taɓa zama a ajujuwanta. Abin lura shi ne shigarsa aji bai sa ya ajiye kyamara ba. Yana koyarwa ya fitar da Ashes and Embers a 1982, a kan wani sojan da ya dawo daga yaƙin Biyetnam. Yana koyarwa ya shafe kusan shekara tara yana bincike da neman kuɗin Sankofa, wanda ya fita a 1993. 'Yan'uwanmu na zangunan Gana sun san kalmar, ta mutanen Akan ce, tana nufin ka koma baya ka ɗauko abin da ka bari, kuma alamarta tsuntsu ne da ya waiga. An ɗauki wani ɓangare na fim ɗin a tsohon kurkukun bayi na Cape Coast, wani ɓangaren a Jamaika. Ya shiga gasar bikin finafinai na Berlin, amma da aka dawo Amurka kamfanonin rarraba finafinai suka juya masa baya, suka ce ba su ga kasuwarsa ba.

Wani malamin da nan zai tsaya ya rubuta maƙala a kan wariyar da ake yi wa finafinan baƙaƙe, kuma da maƙalar ta yi kyau. Gerima da matarsa Shirikiana Aina sai suka kama hayar gidan sinima a Washinton da kansu, suka haɗa kai da ƙungiyoyin unguwanni da majami'u da gidajen rediyon baƙaƙe, jama'a suka yi ta layi. Daga nan suka ɗauki fim ɗin birni-birni. Bayan haka suka buɗe shagon littattafai da finafinai mai suna Sankofa a kan titin Georgia, dab da jami'ar, inda ɗalibai ke zama bayan an tashi daga aji. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ya koyi darasin kasuwancin fim wanda babu littafin da zai ba shi. A 2021 kamfanin Ava DuVernay, daraktar fim 'yar Amurka, ya gyara fim ɗin ya sake fitar da shi a Netflix, shekara 28 bayan an ce ba shi da masu kallo.

A 1999 ya yi fim na tarihi a kan yaƙin Adwa na 1896, inda Habashawa suka karya rundunar Italiya. Sannan a 2008 ya fitar da Teza, wato raɓa, labarin wani Bahabashe da ya yi karatun likita a Jamus ya dawo gida ya tarar da mulkin soja na Mengistu yana cin 'yan boko ɗaya bayan ɗaya. A bikin finafinai na Venice aka ba fim ɗin kyauta ta musamman ta alƙalai, aka kuma ba shi kyautar labarin da ya fi kowanne tsaruwa. Shekara mai zuwa ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu. Ga malamin rubutun fim, ban san wace maƙala ce za ta fi wannan zama shaida ba. Alƙalan da ba su san shi a aji ba, ba su da abin da za su ci a wurinsa, sun ɗora labarinsa a sikeli tare da na manyan duniya sun ce nasa ya rinjaya.

Sai kuma ɗalibai, waɗanda a wurina su ne babban awo. Ernest Dickerson ya je Howard karatun zanen gine-gine ne, ya shiga ajin Gerima, ya ƙare a matsayin mai ɗaukar hoton finafinan farko na darakta Spike Lee, har da Do the Right Thing na 1989. Arthur Jafa ya bi ta hannunsa, shi ya ɗauki hoton Daughters of the Dust, kuma a 2019 ya karɓi kyautar Zakin Zinare a babban baje kolin fasaha na Venice. Malik Sayeed, wani gwanin ɗaukar hoton, shi ma ɗan gidan ne. Bradford Young, wanda ya ɗauki Selma da Arrival, ya zama baƙar fatar Amurka na farko da aka sa cikin 'yan takarar kyautar Oscar a fannin ɗaukar hoto, a 2017, kuma duk inda ya zauna hira sai ya ambaci malaminsa. Wani zai ce ai waɗannan masu kyamara ne, ina marubutan? Tambaya ce mai kyau. Amma wanda ya taɓa aikin ya san rubutun fim tunani ne da hoto, kuma malamin da ya koya wa yaro ya tambayi kansa dalilin da ya sa zai ajiye kyamara a nan ya bar can, ya koya masa rabin rubutu. Kafin waɗannan mutane, hasken da ake saitawa a Hollywood an tsara shi ne don farar fata, baƙin mutum yakan fito a dushe. Almajiran Howard suna cikin waɗanda suka nuna wa duniya yadda ake haska baƙar fata ta fito da kyanta.

Yanzu a ɗauko takardun wannan mutum a kawo su gaban kwamitin ƙarin girma na wata jami'armu, a ɓoye sunansa. Ba shi da digirin digirgir. Maƙalolinsa a mujallun da ake ƙirgawa ba su taka kara sun karya ba in aka kwatanta da na takwarorinsa. Ina tsoron a ƙaramin mataki zai tsufa, yaran da ya koyar su zo su zama shugabannin sashensa.

Na sha jin ana cewa rubutun labari baiwa ce, ba a koyar da ita, don haka jami'a ta tsaya a nazari kawai. Baiwa gaskiya ce, amma da koyo akan iya. Akwai wani malami ɗan ƙasar Cek mai suna Frank Daniel, wanda ya rubuta finafinai a ƙasarsa ya kuma shugabanci makarantar fim ta Prague kafin tankokin Tarayyar Sobiyet su shiga a 1968. Ya koma Amurka ya jagoranci koyarwa a Cibiyar Fim ta Amurka, ya yi Jami'ar Kolombiya, ya zama shugaban makarantar fim ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1986, ya rasu a 1996. Shi ya yaɗa dabarar kasa dogon fim gida takwas, kowane gida da tasa ƙaramar matsala da take tashi ta faɗi cikin minti goma zuwa sha biyar, ta miƙa wa na gaba. Daraktan fim David Lynch, wanda ya yi karatu a hannunsa, ya sha ba da labarin yadda ya koya masa ya rubuta fitowa 70 a kan ƙananan katuna, kowace fitowa da katinta, idan sun cika ya sami fim. Dabara ce mai sauƙi kamar awon tela, amma sai wanda ya taɓa yanka yadi ya ɓata ne yake sanin inda ake sa almakashi. Irin wannan ilimin a hannu yake zama, daga hannu kuma yake wucewa zuwa wani hannun, kamar yadda ɗan maƙeri yake koyon zafin ƙarfe a bakin zuga.

Kada a fahimce ni a karkace. Nazarin fim ilimi ne mai zaman kansa, kuma mu Hausawa mun ci moriyarsa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zama farfesa a fannin koyar da kimiyya a 1997, ya sake zama farfesa a fannin kafafen yaɗa labarai da al'adu a 2012. Lokacin da yawancin 'yan boko suke kallon finafinan Hausa a matsayin shirme, shi ya zauna ya bi diddiginsu, ya nuna yadda finafinan Indiya suka shiga jikinsu, ya kai zancen manyan tarukan duniya. Taron da shi da abokan aikinsa suka shirya a Kano a 2003 a kan finafinan bidiyo na Hausa, da littafin da ya fito daga taron, har yau ɗalibai na dogara da su. Ba don irin wannan aiki ba, da tarihin masana'antar tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 ya watse a bakin 'yan hira. Mai irin wannan aiki a auna shi da rubuce-rubucensa, mudunsa ke nan, kuma ya cika shi har ya zuba. Abin da nake ƙi shi ne a ce mudun nan ɗaya ne tilo, har wanda aka ɗauka don ya koyar da sana'ar hannu shi ma sai ya bi ta cikinsa. A UCLA ɗin da Gerima ya yi karatu akwai wani Bahabashen, Teshome Gabriel, wanda ya yi suna da nazarin finafinan ƙasashe masu tasowa har ya rasu a 2010. Ɗaya ya hau da alƙalamin nazari, ɗaya ya hau da kyamara, duka biyun farfesoshi ne, kuma babu wanda ya tauye wani.

Akwai tsoron da na fi girmamawa, shi ne na masu cewa idan aka buɗe wannan ƙofa, gobe duk jarumin da ya yi farin jini ko furodusan da ya tara finafinai 50 zai zo neman kujera. A ƙasar da ake raba digirin girmamawa kamar goro a wurin ɗaurin aure, tsoron yana da tushe. Maganinsa a tsaurara awon. Yawan finafinai ba hujja ba ne, kamar yadda yawan maƙaloli bai kamata ya zama hujja ba. A aika rubutaccen labarin da fim ɗin ga masana uku na waje da suka san aikin, su karanta, su kalla, su rubuta hukuncinsu. A duba ko aikin ya shiga bukukuwan da ake tantancewa kafin a karɓa, irin FESPACO ko na Durban ko na Carthage. A nemi mai aikin ya rubuta bayani a kan abin da ya nema ya gano da yadda ya bi, domin malami dole ya iya fassara abin da hannunsa ya yi. Sannan a zauna a ajinsa a gani ko ya iya koyarwa, don akwai gwanayen da ba su iya miƙa abin da suka sani ba. A Ingila tsarin da gwamnati ke auna binciken jami'o'i da shi yana karɓar fim a matsayin sakamakon bincike, kuma ana yin digirin digirgir wanda fim ne ƙashin bayansa.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wole Soyinka ya zama farfesa a Ife da digirin farko na Jami'ar Leeds da tarin wasanninsa. Ola Rotimi digirin ƙwarewar fasaha ya yi a Jami'ar Yale, kuma wasannin da ya rubuta ya ɗora a dandamali su suka kai shi kujerar farfesa a Fatakwal. Har gobe a tsangayoyin likitanci ana ɗaga malaman asibiti da takardar ƙwarewa ta kwalejojin likitoci, kuma babu wanda zai yarda ɗansa ya koyi tiyata a hannun wanda bai taɓa riƙe wuƙar tiyata ba. Mun san wannan hikimar, a fannin fim ne muka mance da ita.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne a 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba karatun aikin jarida gida bakwai, ɗaya daga ciki digiri ne na fim. Mataki ne mai kyau, na yi murna da shi. Amma wa zai shiga ajin? Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos tana yaye ɗalibai masu sanin aikin hannu tun shekarun 1990, kuma da yawa daga masu riƙe da kyamara a ƙasar nan daga can suka fito, sai dai makaranta ɗaya ba za ta ɗauki nauyin ƙasa ba. Idan jami'o'i suka buɗe sassan fim da malaman da tsarin ƙarin girma ya hana su taɓa fim, za a canja sunan digiri ne kawai, kundin kammalawa ya ci gaba da zama takardun tambayoyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma masana'antarmu a nan take ciwo. Na taɓa raka wani abokina wurin ɗaukar wani fim mai dogon zango a wani gida a bayan gari. An saita fitilu, an shimfiɗa wayoyi, jaruma ta gama kwalliya tana zaune a kan kujera tana danna waya. Darakta ya zaro wata takarda guda ɗaya da aka ninke huɗu daga aljihun rigarsa, ya duba, ya ce mata, "Hajiya, ke za ki shigo ranki a ɓace, ki nuna masa kin gano maganar auren. Kai kuma Alhaji ka musa. Ku ja ta kamar minti huɗu." Suka ja ta. Jaruman gwanaye ne, maganar ta fito da daɗin ji, har masu riƙe da fitila suna murmushi. Amma da aka gama, labarin yana nan inda yake kafin ta shigo. Babu abin da ta rasa, babu abin da ya samu, babu sirrin da ya fasu wanda mai kallo bai riga ya sani ba. Da na yi wa abokina magana a hanyar dawowa sai ya ce marubucin yana can yana rubuta kashi na gaba a waya, an biya shi abin da bai kai kuɗin abincin ma'aikata na yini biyu ba, kuma gobe da safe ake jiran aikin.

Ban faɗi wannan don in raina kowa ba. Akwai marubuta a Kano da Kaduna da Jos da suka koya wa kansu aikin da karatun dare da kallon finafinai, wasunsu daga rubutun littattafan hikaya suka tsallako, kuma idan aka ba su lokaci suna fitar da abin da ke riƙe mutum a kujera. Su ne ya kamata jami'a ta jawo. Wanda yake da digiri a cikinsu a buɗe masa hanyar digiri na biyu na ƙwarewa, a ɗauke shi koyarwa, a bar shi ya hau da rubutunsa. Wanda ba shi da takarda amma aikinsa ya yi shaida, a ba shi zango ɗaya ko biyu a matsayin malami baƙo, a biya shi da mutunci, ya zauna da yara goma sha biyar suna karanta abin da suka rubuta da babbar murya yana tsayar da su. Ajin rubutu ba ya yiwuwa da ɗalibi 300 a babban zaure da lasifika. Malami yana buƙatar ya karanta shafi goma na kowane yaro duk mako, ya mayar masa da jan biro, yaron ya sake, ya kuma sakewa. Wannan aiki ne mai cin rai, kuma a yanzu babu layin da aka tanadar masa a takardar ƙarin girma.

Akwai wata riba da ba a cika ambata ba. Marubucin da ke da albashin jami'a yana da abin da marubucin kasuwa ba shi da shi, wato damar ya ƙi. Gerima ya iya jiran Sankofa shekara tara, ya ƙi sauya labarinsa don ya faranta wa masu kuɗi, saboda aji yana ciyar da gidansa. Muna da labaran da kasuwa ba za ta taɓa biyan kuɗin bincikensu ba: fataken da suka bi hanyar Gwanja da goro, alhazan da suka tafi Makka a ƙasa suka zauna a Sudan, matan da suka yi karatu a hannun jajis, wato malamai mata da Nana Asma'u ta tura ƙauyuka, zuwan jirgin ƙasa Kano da abin da gyaɗa ta yi wa ƙauyuka. Tun bayan da Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim a 1976, sau nawa muka koma irin wannan rijiya? Labari irin wannan yana son wanda zai yi shekara biyu tsakanin gidan adana tarihi na Kaduna da zaurukan tsofaffi kafin ya rubuta fitowar farko. Jami'a ce kaɗai wurin da aka gina don irin wannan haƙurin, amma ba za ta samu ba muddin malamin ya san ranar da ya gama za a ce masa fim ɗin ya yi kyau, ina maƙaloli.

Ɗan yayata yanzu yana hidimar ƙasa a wata makarantar sakandare. Na ba shi katuna na ce ya cika su, kowace fitowa da katinta. Duk ƙarshen wata yakan turo mini shafi bakwai ko takwas, labarin wani direban tifa ne da 'yarsa. Ina gyara masa maganganun, don kunnena ya saba da rediyo, na san inda zance yake yin nauyi a baki. Amma a watan jiya ya tambaye ni yadda zai nuna uban ya yafe wa 'yar ba tare da kowa ya buɗe baki ba, da hoto kawai. Na riƙe takardar na daɗe ina dubawa, daga ƙarshe na gaya masa gaskiya, cewa wannan ya wuce sanina, aikina da murya ne. Ya ce, "To Kawu, wa zan tambaya?" Na ce ya ba ni mako biyu in bincika masa, kuma yau kwana 20 ke nan ina neman wanda zan tura shi wurinsa.